Jan wayar intanet a ofis a Yamai: tsohon Token Ring, Cat6, fiba ko Wi-Fi?

Wanda ya kama sabon ofis a Yamai, ko makaranta, ko ƙaramin asibiti, yawanci ruta, akwatin da ke karɓo intanet ya rarraba shi, yake fara tambaya: ta wane kamfani zai saya, eriya nawa gare ta. Maganar abin da zai kwashi intanet ɗin daga rutar zuwa teburan ma'aikata sai daga baya take tasowa, bayan magini ya gama shafe, mai fenti ya kwashe kayansa. A nan ake shiga ruɗu. Wani ya ce a ja waya, wani ya ce zamanin waya ya wuce, a sa Wi-Fi a huta. Idan tsohon gini ne kuma, sai a samu wanda ya hango wasu wayoyi masu kauri cikin bango ya ce ai ga waya nan, don me za a sake kashe kuɗi?

Ruta, ko ta Airtel ce, ko ta Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms, ko Starlink, cikin ƴan mintoci ake cire ta a sa wata. Wayar da aka binne a bango kuwa za ta ga ruta uku ko huɗu sun zo sun tafi tana nan. Saboda haka a wurinta ya kamata a tsaya a yi lissafi.

Abubuwan da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko nisa. Ka ɗauki mita ka auna hanyar da wayar za ta bi, hawa bango da zagaye ƙofa da saukowa duka, ba nisan da ido ke gani daga nan zuwa can ba. Ka kuma tambayi kanka: duk cikin gini ɗaya ne, ko za a tsallaka fili zuwa wani ginin? Wannan tambaya ita kaɗai tana iya yanke rabin shawarar.

Na biyu gudu, amma gudun iri biyu ne. Akwai wanda kamfanin sadarwa ke sayar maka, akwai kuma wanda injunanka ke magana da juna da shi a cikin gida: kwamfuta da firinta, kyamarori da akwatin da ke naɗar hotunansu, ma'ajin lissafin kuɗi da teburin kashiya. Ko intanet ɗin waje ya yanke, wannan na cikin gida yana ci gaba da aiki.

Na uku kuɗi, kuma ba kuɗin kaya kaɗai ba. Ka haɗa da kuɗin hannu, tiyo ko gulot ɗin da wayar za ta bi, da abin da za ka biya ranar da ta lalace. Idan daga Turai za ka yi odar wani abu, lissafin bai da wuya tun da Yuro ɗaya sefa 655,957 ne a ƙayyade, watau kusan 656, amma ka ƙara kuɗin jirgi da na duwan.

Na huɗu ƙarko a yanayinmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40 a inuwa, balle tsakanin kwano da silin. Hunturu ya zo da ƙura, damina ta zo da tsawa, ɓera da gara kuwa ba su da lokaci. Sai ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi.

Na biyar, wa zai gyara? Abin da sai mutum ɗaya a gari ya iya, ranar da ya yi tafiya Maraɗi aikinka ya tsaya.

Tsohon Token Ring

Ba kasafai ake cin karo da shi ba yanzu, amma wanda ya gaji ginin da wata ma'aikata ta zauna tun shekarun 1990, ko yake da tsohon injin IBM irin AS/400 da har yanzu ake ajiye bayanai a cikinsa, yana iya samun kansa a gabansa. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1985 da gudun megabit 4 a daƙiƙa, daga baya aka kai shi 16, kuma an san ƙa'idarsa da lamba IEEE 802.5. Yadda yake aiki kamar zaman shan fura ne da ludayi ɗaya: wani ɗan saƙo mai bayit uku yana zagaya injuna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya riƙe shi ne kawai ke da ikon aikawa, ya gama ya miƙa wa na gaba. Shi ya sa ba a karo, kuma a zamaninsa ya fi Ethernet, tsarin haɗa injuna da waya da ake amfani da shi yau, natsuwa idan aiki ya yi yawa.

Ko da yake zobe ne a aiki, a ido kowace waya tana komawa ne ga akwati ɗaya da ake kira MAU. Sanannen cikinsu shi ne IBM 8228, mai ƙofa takwas ta injuna da wasu biyu a gefe da gefe, ɗaya an rubuta RI ɗaya RO, waɗanda ake haɗa akwati da akwati da su. Wayar da aka fi yi masa ita ce Type 1: kauri gare ta, da sulke, sili huɗu ne a ciki an murɗe su biyu-biyu, bakinta kuma wani ƙaton kai ne mai kusurwa huɗu wanda ba shi da mace ba shi da namiji, kowane biyu suna shiga juna. A kan irin wannan waya zobe ɗaya yana ɗaukar injuna har 260, a kan waya marar sulke kuwa 72.

Idan dole ne ka haɗa shi da sauran ofis, sai da ruta mai ƙofar Token Ring, kuma babu ita a sababbin kaya. Tsofaffin rutocin kamfanin Cisco ake nema, kamar 2513 ko 2612, masu ƙofar Ethernet ɗaya da ta Token Ring ɗaya. Ta 2513 baki mai tsinke tara gare ta, wato DB-9, don haka kana buƙatar wayar da kai ɗaya DB-9 ne, ɗayan kuma wancan ƙaton kan na IBM. Ka sa shi a ɗaya daga cikin ƙofofi takwas ɗin nan. Kada ka kuskura ka sa a RI ko RO, ba na injuna ba ne. Kafin ka buɗe ƙofar rutar, ka tabbatar da gudun zoben, 4 ne ko 16, ka rubuta mata shi da umurnin ring-speed. Wannan shi ne wurin da ake yawan yin ɓarna, domin injin da ya shiga da gudun da ba daidai ba yana iya dagula zoben gaba ɗaya, kowa ya faɗi tare. In komai ya yi daidai, za ka ji akwatin ya yi ƙas sau ɗaya. Akwatin 8228 ba a sa shi a wuta ko kaɗan. Ƴar wutar da rutar ke turowa ta cikin wayar ce ke buɗe makunnin ƙofar, ƙarar da ka ji kenan. In ka ji yana ta ƙas-ƙas bai tsaya ba, rutar na shiga ana korar ta, ka cire ka duba gudu da waya.

Sauran ƙa'idoji biyu. Kowane ɓangare a ba shi nasa rukunin lambobin IP, wato lambobin da ake gane kowane inji da su a kan layi, rutar ta riƙa tsallakar da saƙo tsakaninsu, domin yadda ɓangarorin biyu ke jera adireshin katinsu ya bambanta, haɗa su kai tsaye ciwon kai ne. Sannan kunshin saƙon Token Ring ya fi girma: Cisco kan bar shi a bayit 4464 alhali Ethernet 1500 yake ɗauka, gara a rage na zoben ya daidaita da 1500. Idan kuma tsohon injin da yaren SNA yake magana ba IP ba, sai an ƙara wani saiti da ake kira DLSw, kuma masu iya shi ba su da yawa.

A wajen kuɗi yana yaudara, tun da wayar na nan. Amma katin da ake sa wa kwamfuta ba a ƙera shi kuma, na da ɗin ramin ISA ko PCI suke shiga, sababbin kwamfutoci da yawa ba su da ramin. Tsarin sarrafa kwamfuta na Linux ya cire tallafinsa tun 2012. Rutocin nan kamfaninsu ya daina yi musu gyaran tsaro da daɗewa, don haka kada ka taɓa jingina su kai tsaye da intanet. Wayar kanta ƙarko gare ta ƙwarai, sauran kayan ne suka tsufa, kuma ranar da ɗaya ya mutu, ko ka zagaye Babbar Kasuwa da Wadata da Katako da wuya ka samu madadinsa.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane ba su cika sani ba. Wayar Type 1 tana iya ɗaukar Ethernet idan aka sa mata ɗan kai mai suna balun a kowane baki, wanda ke daidaita juriyar lantarkinta, om 150, da om 100 na Ethernet. Za ka samu megabit 100. Gigabit kuwa, wato megabit 1000, ba zai yiwu ba, don shi sili takwas yake so, ita huɗu gare ta. Wannan na wanda ba a yarda ya fasa bango ba ne, kuma sai an yi odar balun ɗin daga waje. Wata fa'idar tsohuwar wayar: idan cikin tiyo take kuma ba ta maƙale ba, ɗaura mata sabuwa a baki ka jawo, ta zame maka igiyar ja.

Wayar jan ƙarfe: Cat5e, Cat6 da Cat6A

Wannan ita ce wayar da kowa ya sani, mai sili takwas da kai RJ45. Iyakarta mita 100 daga suwic, akwatin da wayoyin ofis duka ke haɗuwa a cikinsa, zuwa inji: 90 cikin bango, 10 na gajerun wayoyin da ke bakin nan da bakin can. Cat5e tana ɗaukar gigabit ɗaya a wannan nisa, har ma 2,5 idan injunan na sabon ƙa'idar 2016 ne. Cat6 tana ɗaukar gigabit ba tare da wahala ba, tana kuma iya kai gigabit 10 idan nisan bai wuce mita 55 ba. Cat6A ita ce ke kai 10 ɗin har mita 100, amma ta fi kauri, ta fi tauri, ta fi tsada, kuma ofis na yau da kullum ba ya buƙatarta. A ganina Cat6 ce tsaka-tsaki. Bambancin kuɗinta da Cat5e bai taka kara ya karya ba idan ka tuna kuɗin hannu ɗaya ne, fasa bango ɗaya ne.

Kwali ɗaya mita 305 ne. Ofis mai teburi 20, kowane teburi kusan mita 30 daga suwic, mita 600 kenan, kwali biyu, rarar mita 10 kacal. Ka sayi uku, ka ja waya biyu-biyu zuwa wuraren da ka san aiki zai ƙaru.

Babban haɗarin wannan zaɓi a shago yake. Kasuwa cike take da wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana rubuta mata CCA, wani lokaci ma ba a rubutawa, sai dai ka ga Cat6 da manyan baƙaƙe a kwali. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin karyewa idan an lanƙwasa shi, ga tsatsa fari da yake yi a bakin kai har haɗin ya saki. Ranar da aka ja ta za ta yi aiki lafiya lau. Bayan bazara ɗaya ko biyu sai a fara: wannan teburi yau akwai gobe babu, wancan gigabit ya koma 100.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, jan ƙarfe zalla ne ko mai haɗi?" Zai ce maka, "Ɗan'uwa, Cat6 ne, ga shi nan a rubuce." Sai ka ce a yanko maka ɗan guntu. Ka feɗe sili ɗaya, ka kankare shi da wuƙa ko reza. Idan ja ne har ciki, ka biya. Idan fari ya leƙo daga ƙarƙashin jan, ka yi godiya ka ƙara gaba. Wasu kan kara masa ashana: na gaskiya zai yi baƙi ya tsaya a miƙe, na haɗin zai langaɓe nan take. Ko ɗaga kwalayen biyu ka yi, hannunka zai gaya maka, don na jan ƙarfe ya fi nauyi sosai. Mai shagon ba lallai ne yana son cutarka ba. Sau da yawa yana da iri biyun, mai arhar yake fara miƙowa don shi aka fi tambaya.

Zafi ma yana da nasa lissafi. Mita 90 ɗin nan an ƙayyade shi ne a kan digiri 20. Da zafi ya ƙaru, saƙo na raunana a hanya, har idan wurin ya kai digiri 60, waya marar sulke sai a rage tsawonta zuwa wajen mita 75. Duk wanda ya taɓa leƙa saman silin a ƙarƙashin kwano da azahar a watan Afrilu ya san ba wasa ba ne. Saboda haka layin da zai bi can sama, kada ka kai shi iyaka. Ka sa shi cikin tiyo saboda ɓera, kada ya kwanta a kan kwanon, kada kuma ya shiga tiyo ɗaya da wayar wuta mai bolt 220. Wadda za ta fita rana kuwa sai baƙa ta waje. Ta cikin ɗaki rana kan busar da rigarta ta tsattsage. Akwai masu sulke da ake rubuta wa FTP, kuma ana samunsu sosai a nan. Sulken yana da amfani ne idan an haɗa shi da wayar ƙasa mai kyau. In ginin ba shi da ita, ka biya kuɗin abin da ba zai yi maka aikinsa ba.

Wajen ɗaura kai, jerin da aka fi bi shi ne T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Baki biyun su zama iri ɗaya, kuma kada a warware murɗin ya wuce milimita 13. Wayar bango a ƙare ta a soket na bango, daga nan a ɗauka da gajeruwar waya mai laushi zuwa kwamfuta. Masu ja ta kai tsaye daga silin zuwa bayan inji suna rage kuɗi yau, amma kujera za ta taka ta, mai shara zai fizge ta, kuma in ta karye duk layin ne ya tafi. Kafin ka sallami mai aiki, ya gwada kowane layi a gabanka, fitilu takwas su kama a jere, ya kuma rubuta lamba a baki biyun.

Abin da ya fi burge ni da jan ƙarfe shi ne yana ɗaukar wuta tare da saƙo. Suwic mai wannan tsari, da ake kira PoE, yana ciyar da kyamara da wayar tarho da akwatin Wi-Fi ta cikin wayar: wat 15,4 a ƙa'idar 2003, wat 30 a ta 2009. A garin da ake ɗauke wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ondula ɗaya ko batirin sola ɗaya a ɗakin suwic ya riƙe duka, maimakon kowace kyamara da nata caja a can saman bango. A nan ne kuma wayar alminiyam ta fi muni, don tana ɗumama, wutar kuma ba ta isa ƙarshe yadda ya kamata.

Rauninta ɗaya babba shi ne tsawa. Wayar jan ƙarfe da ta fita daga wannan gini ta shiga wancan, ko a sama ko a ƙasa, hanya ce ta shigowar wuta. Ba sai aradu ta faɗa kanta ba, ta faɗi kusa ma ya isa. Da safe a tarar da ƙofar suwic ta ƙone a nan, ta can ma ta ƙone, wani lokaci har da kwamfutar da ke bayanta.

Fiba

Zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki, don haka tsawa da wutar lantarki ba su da hanya a cikinta. Iri biyu ce. Mai faɗin ciki tana kai gigabit ɗaya har mita 550, irin OM3 kuma gigabit 10 har mita 300. Mai siririn ciki tana tafiya kilomitoci. Don haɗa gini biyu a harabar makaranta kowace ta isa, sai dai na'urorin da ke baki biyun dole su dace da irin wayar, kuma kai mai launin kore ba ya haɗuwa da mai launin shuɗi ko da ya shiga ramin.

Mutane na jin tsoron kuɗinta, alhali ba zaren ne mai tsada ba. Abin da ke ci shi ne na'urar da ke juya haske zuwa Ethernet a kowane baki, ko ɗan ƙarfen SFP da ake cusa wa suwic, da haƙa rami, da kuɗin mai injin narka zare ya haɗa. Ana iya kauce wa na ƙarshen ta hanyar sayen wadda aka riga aka ɗaura wa kai daga masana'anta, mita 100 ko 200, a ja ta cikin tiyo mai faɗi a hankali, a naɗe rarar a bango. Ka nemi mai sulke saboda ɓera, ka sa alama a kan hanyar ramin domin ranar da za a zo dasa itace ko gyaran famfo.

Ƙura ce abokiyar gabarta. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin kai tana iya rage hasken, kuma a hunturu minti kaɗan ya isa. Kada a cire ƴar hular bakin sai lokacin sawa, kada a goge da gefen riga, kada kuma kowa ya leƙa cikin bakin don ya ga ko akwai haske: ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa lahani. Ba ta son lanƙwasa mai tsanani, ba ta ɗaukar wuta, don haka kowane gini sai da nasa batir. Masu iya haɗa ta sun ƙaru a Yamai, amma ba kamar masu ɗaura RJ45 ba, waɗanda kowace unguwa akwai.

Wi-Fi da eriyar gini zuwa gini

Shi ne mafi saurin kafawa kuma mafi arha a farko, ga shi wayoyin hannu ba su da wata hanyar sai shi. Amma lambar da ke kan kwali ba ita za ka gani ba. Lambar AC1200 kusan jimilla ce ta megabit 300 a zangon gigahaz 2,4 da 867 a zangon 5, kuma abin da aka samu ɗin duk waɗanda ke kai ne za su raba. Zangon 2,4 ya fi ratsa bango amma cunkoso gare shi, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a unguwa irin Plateau maƙwabta duk suna kai. Zangon 5 ya fi gudu, bango biyu na siminti sun gama da shi. Ƙofar ƙarfe da dakalin bene mai rodi kuwa ba a magana. Ƙananan na'urorin ƙara nisa da ake cusawa a soket sukan raba gudun kusan biyu. Wi-Fi mai kyau a ofis shi ne wanda kowane akwati nasa yake da wayar Cat6 a bayansa.

Sai maganar kalmar sirri. Ka ba mai gadi yau, jibi duk fadar da ke shan shayi a ƙofar ofis tana kai, kuɗin wata ya ƙare a sati biyu. Ka raba layi biyu, na aiki daban na baƙi daban, ka sa makullin tsaro na WPA2 ko WPA3, ka riƙa canza na baƙin.

Eriyar gini zuwa gini, irin ta Ubiquiti ko MikroTik, tana maganin wurin da ba a iya haƙa rami, kamar tsallaka kwalta ko haɗa shago da sito a wata unguwa. Sharaɗinta eriya biyun su ga juna sarai. Bishiyar dogon yaro da ba ta tare komai a rani tana iya cika ganye a damina ta tare. Iskar da ke gaban hadari tana juya eriyar da ba a ɗaure da kyau ba, ƙarfen da ke saman rufi kuma sai da wayar ƙasa. Kafin ka kafa mai nisa, ka tambayi hukumar kula da sadarwa ta ARCEP abin da doka ta ce a kan zangon da za ka yi amfani da shi.

| Zaɓi | Gudu | Nisa | Kuɗi | Ƙarko | Mai gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Token Ring yadda yake | megabit 4 ko 16 | wajen mita 100 zuwa MAU | kaɗan yau, mai yawa ranar lalacewa | waya mai ƙarko, injuna tsofaffi | da wuya | rashin kayan gyara |
| Type 1 da balun | megabit 100 | wajen mita 100 | matsakaici | mai kyau | da ɗan wuya | babu hanyar ƙara gudu |
| Cat5e | gigabit 1 | mita 100 | mai sauƙi | mai kyau cikin tiyo | ko'ina | jabun waya, tsawa |
| Cat6 | gigabit 1, ko 10 a gajeren layi | mita 100 | ya ɗan ɗara Cat5e | mai kyau cikin tiyo | ko'ina | jabun waya, tsawa |
| Fiba | gigabit 1 zuwa 10 | ɗaruruwan mitoci zuwa kilomitoci | mai yawa a farko | mafi ƙarko in an binne da kyau | sai ƙwararre | ƙura, diga, lanƙwasa |
| Wi-Fi | yana hawa yana sauka | ɗaki ɗaya zuwa uku | mafi arha a farko | na'ura ta fi waya saurin mutuwa | ko'ina | bango, cunkoso, satar layi |
| Eriya zuwa eriya | ya danganta da nisa | kilomitoci in suna ganin juna | matsakaici | iska da rana na cin ta | akwai | tsawa, bishiya |

Wanne ya dace da wa

Shago ko ƙaramin ofis na haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, mutum biyar ko ƙasa da haka: Wi-Fi ɗin rutar ya ishe ka. Ka ƙara gajerun wayoyi biyu, ɗaya zuwa firinta, ɗaya zuwa kwamfutar da ake lissafin kuɗi a kanta. Mai Starlink ya duba bayan rutarsa tukuna, domin akwai samfurin da ba shi da ƙofar waya sai an sayi ɗan mahaɗi daban.

Ofis mai ɗakuna da yawa, ko wurin shiga intanet na kuɗi, ko asibiti, duk cikin gini ɗaya: Cat6 ta jan ƙarfe zalla zuwa kowane teburi, suwic mai PoE, akwatin Wi-Fi a silin na kowane ɓangare, duka a kan batir ɗaya. Idan ginin bai kai ga shafe ba, yanzu ne lokacin sa tiyo, ko da ba ka da kuɗin wayar tukuna. Idan kuɗi ya gaza, Cat5e ta gaskiya ta fi Cat6 ta alminiyam nesa ba kusa ba.

Makaranta ko ma'aikata mai gine-gine a haraba ɗaya: jan ƙarfe a cikin kowane gini, fiba tsakanin gini da gini, ko da tazarar mita 40 ce kawai. Ba nisan ake gudu ba, damina ake gudu.

Wurare biyu da titi ko gidajen mutane suka raba, ko reshe a Harobanda da hedikwata a wannan gefen kogi: eriya idan suna ganin juna, in ba haka ba kowane wuri ya ɗauki nasa layin daga kamfani a haɗa su ta intanet.

Wanda ya tarar da wayar Type 1 a bango amma babu wani tsohon inji da ke aiki a kanta: ya manta da Token Ring, ya ja Cat6 ta cikin tiyon. Balun sai in mai gida ya hana taɓa bango kuma megabit 100 zai wadatar.

Wanda kuma yake da tsohon inji mai rai a kan zoben, da bayanan da ba a iya rasawa: ya bar zoben ƙarami, injin da MAU ɗaya da ruta ɗaya, a bayan wata sabuwar ruta mai katangar tsaro. Ya nemi ruta ta biyu da kati na biyu ya ajiye tun ana samunsu a kasuwar tsofaffin kaya ta intanet, ya rubuta gudun zoben da saitin rutar a takarda ya manna a jikin akwatin, sannan ya sa ranar da za a kwashe bayanan zuwa sabon inji a cikin kasafin kuɗin bana.